CIRE MAHAIFA SABODA ƘARI: BAYANI A KAN HANYOYIN DA LIKITOCI KE BI

Ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu a ga mace 'yar shekara arba'in ko fiye, cikinta yana ta girma a hankali, shekara ɗaya, shekara biyu, har uku, ba haihuwa ba ɓari. Tsofaffi su ce ciki ne ya kwanta, a shiga jiƙe-jiƙe don a tashe shi. Ita kuwa baiwar Allah haila ba ta ɗauke mata ba, sai ma ƙaruwa take yi, ta kwana goma ko goma sha biyu tana zubar da jini har da guda-guda, idanunta su yi fari fat, in ta yi 'yar tafiya kaɗan sai haki. Ran da aka gaji aka kai ta asibiti, likita ya duba ta, ya sa a ɗauki hoton ciki, sa'an nan ya ce ba ɗa ne a ciki ba, ƙari ne ya cika mahaifa, kuma shawararsa ita ce a cire mahaifar ɗungum.

Galibi a nan hankali ke tashi. Miji ya tambayi nawa za a biya, uwa ta tambayi ko 'yarta za ta tashi, mai ciwon kuwa ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Akwai wata tambaya wadda ba safai ake yinta ba, ga ta kuwa da muhimmanci ƙwarai, watau: ta wace hanya za a fitar da mahaifar? Hanyoyin uku ne, kuma wadda aka bi ita ce za ta nuna yawan kwanakin da mace za ta yi a gadon asibiti, da irin tabon da za ta fita da shi, da lokacin da za ta koma harkokinta. Bayanin waɗannan hanyoyi shi ne manufar wannan ɗan littafi. Muna roƙon mai karatu gafara, don za mu kira kowace gaɓa da sunanta, kamar yadda littattafan ilmi suka saba. Kunya adon mutum ce, amma in ta shiga tsakanin majinyaci da likita, ɓarna take yi.

MAHAIFA DA ABIN DA KE KUMBURA TA

Mahaifa wata jaka ce ta tsoka mai kauri, tana zaune can ƙasan mara, mafitsara a gabanta, ƙarshen hanji a bayanta. Ta macen da ba ta da ciki ba ta wuce dunƙulen hannunta ba. Tsawonta kamar santimita 7 zuwa 8 ne, nauyinta kuwa tsakanin giram 50 da 100. Ƙasanta ya tsuke ya leƙo cikin farji, shi ne bakin mahaifa. Daga samanta kuma bututu biyu sun miƙe dama da hagu, kowanne ya nufi wani ɗan ƙullutu mai kamar dabino inda ƙwayayen haihuwa ke nuna. Waɗannan ƙullutai za mu riƙa kiransu gidajen ƙwai.

Abin da ya fi yawan kumbura mahaifa, in ba ciki ba, shi ne ƙarin mahaifa, wanda likitoci ke kira faiburoid. Dunƙulen tsoka ne mai tauri da ke tsirowa daga jikin mahaifar kanta. Wani bai fi ƙwayar gero ba, wani ya kai lemo, wani har kabewa. Yana iya zama guda ɗaya tal, yana kuma iya zama ashirin ko talatin a mahaifa ɗaya. Wanda ya turo ta ciki shi ke haddasa yawan zubar jini, wani lokaci ya hana ciki zama. Wanda ya turo ta waje kuwa danna mafitsara yake yi ko hanji, mace ta riƙa yawan fitsari ko bayan gida ya yi mata wuya. Wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, ba kuwa a ɗaukarsa daga wani. Sinadaran da gidajen ƙwai ke fitarwa su ne abincinsa, saboda haka yakan yi girma a shekarun haihuwa, ya motse bayan haila ta yanke.

Mata baƙar fata sun fi kowa samunsa, kuma yakan kama su da wuri. Wani bincike da aka yi a birnin Washinton na Amurka, aka buga a 2003, ya nuna cewa kafin su kai shekara 50, fiye da mata 80 cikin 100 na baƙar fata suna da shi, fararen fata kuwa kusan 70 cikin 100. Kada wannan lissafi ya razana kowa, don yawancinsu ba su ma san suna ɗauke da shi ba, bai kuwa taɓa damunsu ba.

Akwai wata cuta ta biyu da ake kira adinomayosis. Ita kuwa shimfiɗar cikin mahaifa ce, wadda ke saɓulewa ta fita tare da haila kowane wata, take kutsawa cikin tsokar mahaifa. Sai mahaifar ta kumbura bai ɗaya, haila ta zo da yawa da ciwon mara mai tsanani.

Likitoci suna auna girman kumburarriyar mahaifa da ma'aunin ciki. In an ce ta kai ta mako 12, ana nufin ta fara leƙowa bisa ƙashin mara, nauyinta wajen giram 280. Ta mako 20 ta iso cibiya. Akan ga wadda ta kai har ƙarƙashin haƙarƙari, mai nauyin kilo da yawa. Mai karatu ya riƙe wannan ma'auni, don za mu yi ta komawa kansa.

BA KOWANE ƘARI KE KAI GA CIRE MAHAIFA BA

Ƙarin da ba ya damun mace, sa ido kawai ake yi masa. Wanda ke jawo zubar jini akan fara gwada shi da ƙwayoyi, ko da wata 'yar roba mai sinadari da ake sawa a cikin mahaifa. Macen da ke da sauran burin haihuwa, akan yi mata fiɗa a tsince ƙarin a bar mata mahaifarta, ko da yake wani sabo na iya tsirowa bayan shekaru. Akwai kuma dabarar toshe jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin don ya motse, wadda likitocin Faransa suka bayyana wa duniya a 1995. Cire mahaifa na macen da ta gama haihuwa ne, wadda ciwon ya hana ta sakat, sauran dabaru kuma suka kasa ko ba su dace da ita ba. Shi kaɗai ne maganin da ƙari ba ya dawowa bayansa, amma fa shi ne kuma wanda ba a warware shi: haila ta tafi ke nan, haihuwa ma haka.

AIKIN DA AKE YI A CIKI

Kafin mu rarrabe hanyoyin, ya kamata a san cewa aikin da ake yi a can ciki iri ɗaya ne ko ta ina aka shiga. Mahaifa tana nan kamar ƙwarya a cikin ragaya, jijiyoyi sun riƙe ta dama da hagu, manyan jijiyoyin jini biyu kuma suna kawo mata jini daga gefe. Aikin likita shi ne ya kama kowace jijiya ya ɗaure ta ko ya ƙone bakinta kafin ya yanke, ya janye mafitsara daga gaban mahaifa inda take manne, ya raba mahaifa da farji, ya fitar da ita, sa'an nan ya ɗinke saman farjin.

Wuri mafi haɗari shi ne gefen bakin mahaifa. A nan magudanar fitsari, watau siririn bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, take ratsawa ta ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, tazararta da bakin mahaifa bai wuce santimita 2 ba, faɗin yatsa guda ke nan. Babban ƙari yakan ture wannan magudana daga mazauninta, ta koma inda likita bai zata ba. In aka yanke ta ko aka ɗaure ta bisa kuskure, ƙoda na iya lalacewa, ko mace ta kamu da yoyon fitsari. Wannan ba ya yawan faruwa, amma shi ne dalilin da ya sa ba a ba da aikin ga wanda bai ƙware ba.

Akan cire mahaifa tare da bakinta, wannan shi ne cikakken aiki, kuma shi aka fi yi. Wani lokaci, musamman in manne-manne sun yi yawa a ƙasa, likita yakan yanke gangar mahaifar ya bar bakin. Wadda aka bar wa bakin mahaifa lalle ne ta ci gaba da zuwa gwajin ciwon dajin bakin mahaifa, wata kuma takan riƙa ganin ɗan ɗigon jini kowane wata. Gidajen ƙwai kuwa maganarsu daban ce. In lafiyarsu ƙalau, mace kuma ba ta kai shekarun yankewar haila ba, barinsu ake yi, don sinadaransu suna tsare ƙarfin ƙashi da lafiyar zuciya. Amma bututun nan biyu likitoci da yawa a yau sun gwammace su haɗa da su, saboda an gano wasu daga cikin cututtukan dajin da ake dangana wa gidan ƙwai daga bututun suke farawa.

HANYA TA FARKO: TA MARA

Ita ce buɗe ciki, wadda kowa ya sani. Tarihinta cike yake da baƙin ciki. A 1843 wani likita mai suna Charles Clay ya gwada ta a birnin Manchesta na Ingila, amma matar ba ta rayu ba. Sai a 1853, a wani gari mai suna Lowell a Amurka, aka sami macen da ta tashi bayan wannan aiki. A wancan zamani ba a san ƙwayoyin cuta sosai ba, ba a iya ƙarin jini ba, kuma maganin sa barci bai daɗe da fitowa ba. Samuwar waɗannan abubuwa, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga baya, su suka mai da aikin ya zama na yau da kullum.

Yanka iri biyu ne. Akwai na kwance, daga gefe zuwa gefe a ƙasan mara, irin wanda ake yi wa mai haihuwa ta fiɗa, tsawonsa santimita 10 zuwa 15, watau wajen taƙi guda. Wani likita Bajamushe mai suna Pfannenstiel ne ya bayyana shi a 1900, har yau kuwa da sunansa ake kiransa. Yana warkewa da kyau, zani kuma yana rufe tabonsa. Akwai kuma na tsaye, daga ƙarƙashin cibiya zuwa ƙasa, wani lokaci har ya zarce cibiya. Shi ake yi in mahaifa ta yi girman da ba za ta fito ta yankan kwance ba.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Likita yana gani da idonsa, yana kuma taɓawa da hannunsa. Komai girman ƙari zai fito, kuma zai fito a dunƙule ba tare da an daddatsa shi ba. In jini ya ɓalle, ga wuri a buɗe da za a tsai da shi. Ba ta bukatar na'ura mai tsada, sau da yawa ma allurar ƙashin baya ta wadatar, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa mace tana farke. Wahalarta kuwa a wajen miki take. Ya fi ciwo, ya fi saurin ruruwa, musamman ga mai ƙiba ko mai ciwon sukari, kuma wani lokaci, bayan watanni ko shekaru, ɗinkin ciki yakan saki hanji ya turo fata. Mace takan kwana 3 zuwa 5 a asibiti, sa'an nan ta yi mako 6 zuwa 8 kafin ƙarfinta ya dawo.

A asibitocin Nijeriya wannan ita ce hanyar da aka fi bi nesa ba kusa ba, kuma babban dalili shi ne matanmu ba sa zuwa sai ƙari ya kai cibiya ko ya wuce. Sa'ad da mahaifa ta kai haka, a yawancin wurare sauran ƙofofin sun riga sun rufe.

HANYA TA BIYU: TA FARJI

Mutane da yawa in sun ji wannan sai su ɗauka sabuwar dabara ce, alhali kuwa ta girmi ta farko. Tun a 1813 wani likita mai suna Conrad Langenbeck ya yi ta a garin Göttingen na Jamus, matar kuma ta rayu. A wannan hanya ba a taɓa fatar ciki ko kaɗan. Likita yana zagaye bakin mahaifa da yanka daga cikin farji, ya ture mafitsara sama, ya bi jijiyoyi yana ɗaurewa daga ƙasa zuwa sama, har mahaifa ta saki ta fito ta ƙofar da 'ya'ya suka saba fitowa.

Tun da babu miki a ciki, ciwo kaɗan ne, mace takan tashi ta yi tafiya da wuri, ta koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu, ta kama ƙananan ayyuka cikin mako 3 zuwa 4. Wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban ta auna su, ta duba wannan magana a 2015, ta sake dubawa a 2023, ta ga waɗanda aka yi musu ta farji sun fi waɗanda aka buɗe wa ciki saurin komawa harkokinsu. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ma, a shawarar da ta fitar a 2017, ta ce in dai ciwon ba na daji ba ne, kuma hanyar za ta yiwu, to ita ya kamata a fara zaɓa.

Maganar tana ga wannan sharaɗi na yiwuwa. Ana so mahaifa ta kasance tana motsi, ba ta manne da hanji ko bangon ciki ba, ana so kuma ƙofa ta kasance da yalwa, kamar yadda take ga macen da ta haihu da kanta. A da akan ce in mahaifa ta wuce ta mako 12 kada a gwada. Ƙwararru sun nuna ana iya wuce wannan iyaka: bayan sun ɗaure manyan jijiyoyin jini, sai su tsaga mahaifar biyu, ko su ƙwaƙulo ƙarin ɗaya bayan ɗaya har ta rage ta fito. Haihuwa ta fiɗa da mace ta taɓa yi ba ta hana wannan hanya kai tsaye, sai dai tana bukatar a yi hattara da mafitsara. Naƙasunta shi ne likita ba ya ganin saman ciki, saboda haka in akwai wata matsala a gidan ƙwai ko a hanji, ba lalle ne ya kai gare ta ba.

A ƙasarmu an fi yin wannan aiki ga tsofaffin da mahaifarsu ta zazzago, ba safai ake yinsa saboda ƙari ba. A ganin mai wannan rubutu, wannan asara ce. Ga hanya wadda ba ta bukatar na'urar da za a yi odarta daga ƙetare, ba ta tsayawa don wuta ta ɗauke, tana kuma sallamar gado da wuri a asibitocin da gado ke wuya. Abin da take nema kawai shi ne hannun da ya saba, da majinyaciyar da ta zo tun mahaifa ba ta gagara ba.

HANYA TA UKU: TA MADUBI

Ita ce autar hanyoyin, likitoci suna kiranta lafaroskofi. Wani likitan Amurka mai suna Harry Reich ne ya fara cire mahaifa da ita a jihar Pennsylvania a 1988. Ana sa mace barci gaba ɗaya, a hura wata iska a cikinta don bangon ciki ya ɗaga ya ba da fili, sa'an nan a yi huji uku ko huɗu, kowanne bai wuce santimita ɗaya ba. Ta hujin cibiya ake zura wani siririn madubi mai fitila, wanda ke nuna kayan ciki a allo kamar na talabijin. Ta sauran kuma a zura dogayen almakashi da hantsaki. Likita yana kallon allo yana aiki.

Wajen saurin warkewa tana kusa da hanya ta biyu, ta kuma fi ta da abu guda, watau likita yana ganin cikin duka, har a faɗaɗe. Saboda haka ta dace da macen da ke da manne-manne ko ciwo a gidan ƙwai. Amma aikin ya fi ɗaukar lokaci, kuɗinsa ya fi yawa, kuma binciken Cochrane ɗin nan ya nuna raunin mafitsara da magudanar fitsari ya fi aukuwa a cikinta bisa ga buɗe ciki. Tana bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da na'urori masu lafiya, da ma'aikatan da suka horu. Ana yinta a wasu asibitocin koyarwa na jami'o'inmu da wasu asibitocin kuɗi a manyan birane. Akwai kuma wani samfurinta da ake yi da na'ura mai hannuwa wadda likita ke sarrafawa daga kujera, mai suna da Vinci, wadda Amurka ta amince a yi aikin mata da ita a 2005. Tsadarta ta fi ta kowace, ba a kuwa nuna ta fi madubi na hannu kyakkyawan sakamako ga irin wannan ciwo ba.

Mai karatu zai tambaya, yaya mahaifa mai girman kabewa za ta fito ta hujin da bai fi kan yatsa ba? In ba ta yi girma ainun ba, ta farji ake jawo ta. In ta yi girma, dole a daddatsa ta. An ƙera wata na'ura mai wuƙa mai juyawa wadda ke yayyanka ta sala-sala a cikin ciki, kuma an yi shekaru ana amfani da ita ba tare da wani ya damu ba.

A 2013 aka yi wa wata likita mai suna Amy Reed, uwar 'ya'ya shida, irin wannan aiki a birnin Boston. Kowa ya ɗauka ƙari ne irin na kullum. Da aka auna naman sai aka tarar akwai wani mugun ciwon daji na tsokar mahaifa a ɓoye, na'urar kuma ta riga ta watsa shi a cikinta. Ita da mijinta, wanda likitan fiɗa ne, suka tashi tsaye suna faɗakar da hukuma. A watan Afrilu na 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan na'urar, ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 350 da ake yi wa fiɗa da sunan ƙari tana ɗauke da irin wannan ɓoyayyen daji. Wasu masana daga baya sun sami adadin bai kai haka ba, amma ba wanda ya ce haɗarin babu shi. Amy Reed ta rasu a 2017. A 2020 hukumar ta ce kada a yi amfani da na'urar sai a cikin wata jaka ta musamman da ke hana ɓurɓushi watsuwa, kada kuma a yi wa macen da ta wuce shekara 50 ko wadda haila ta yanke mata. Hoton ciki ba ya iya rarrabe wannan daji da ƙari daidai wa daida. Shi ya sa in mace ta daina haila amma mahaifarta tana ci gaba da girma, likita mai hankali zai fi son ya buɗe ciki ya fitar da ita a dunƙule, ko da tabon zai fi tsawo.

YADDA AKE ZAƁE

Likita yana duban girman mahaifa da siffarta, don dogon ƙari a sama ya fi sauƙin sha'ani bisa ga wanda ya baje a ƙasa kusa da bakin mahaifa. Yana duban ko an taɓa yi wa mace fiɗa, da yadda ta haihu, da shekarunta, da lafiyar zuciyarta da huhunta. Sa'an nan akwai abin da ba a cika faɗa ba, watau gwanintar shi likitan da kayan aikin asibitinsa. Buɗe ciki a hannun wanda ya yi shi sau ɗari ya fi madubi a hannun ɗan koyo. Ya kamata kuma a sani cewa aikin da aka fara ta farji ko ta madubi yana iya komawa buɗe ciki a tsakiyar tafiya in jini ya ɓalle ko aka tarar da abin da ba a zata ba. Wannan ba gazawa ba ce, hattara ce, kuma akan rubuta shi a takardar yarda tun da farko.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi wa majinyaci bayanin ciwonsa, da hanyoyin magani da ke akwai, da amfani da haɗari da kuɗin kowace, da kuma haƙƙinsa na ƙi. Saboda haka, uwargida, tambaya ba rashin ladabi ba ce. Ki tambayi likita mako nawa mahaifarki ta kai. Ki tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hanya ya bar waccan, da ko ya saba yinta. Ki tabbata kin san ko za a bar miki gidajen ƙwai da bakin mahaifa. In bayanin bai gamsar da ke ba, kina da damar jin ta bakin wani likitan mata. Shawara da maigida da iyaye abu ne mai kyau, amma jikin naki ne, yarda ko ƙi kuma daga gare ki ake nemansa.

SHIRI KAFIN RANAR

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin matan da ke zuwa wannan aiki jininsu ya riga ya yi ƙasa, sai an gina shi da maganin ƙara jini na makonni, a kuma tanadi wanda za a ƙara musu in bukata ta taso. A nan 'yan'uwa za su nuna zumunci, don ba da leda guda ba ya cutar da lafiyayyen mutum. Akwai wata allura da ake yi wata-wata har wata uku, wadda ke tsai da haila ta rage girman mahaifa da kashi ɗaya cikin uku ko ma rabi. Da ita akan mai da yankan tsaye ya zama na kwance, ko a sami damar bi ta farji. Tana da tsada, tana sa jin zafin jiki da gumi, kuma in aka daina ba a yi aikin ba ƙarin zai koma yadda yake. Za a auna hawan jini da sukari, a yi gwajin bakin mahaifa, wadda ta kai shekara 45 kuma tana zubar da jini ba bisa ƙa'ida ba akan ɗebi ɗan naman cikin mahaifarta a auna tukuna. A gaya wa likita duk maganin da ake sha, har da asfirin da saiwoyi da jiƙo, don wasunsu suna hana jini daskarewa.

BAYAN AN FITO

Za ta farka da robar fitsari, wadda galibi ake cirewa washegari. Ma'aikatan jinya za su matsa mata ta tashi ta taka tun jiki yana ciwo, kada 'yan jinya su ga kamar mugunta ce, don kwanciya ita ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan kuma ya tafi huhu. Wadda aka yi wa ta madubi tana iya jin ciwo a kafaɗa kwana ɗaya ko biyu, ragowar iskar nan ce, zai wuce.

Ƙanƙantar tabon waje kada ta ruɗi kowa, ɗinkin ciki yana nan, yana kuma bukatar lokacinsa. Ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar tulu ko goyon babban yaro har mako 6. Ba a gasa mikin da ruwan zafi kamar yadda ake yi wa mai jego, ba a kuwa shafa masa komai sai abin da asibiti ya bayar. Maigida ya yi haƙuri da kusantar iyalinsa aƙalla mako 6, har likita ya duba ya ce saman farji ya haɗe, don in ɗinkin nan ya ɓalle sai an koma ɗakin fiɗa da gaggawa. In zazzaɓi ya taso, ko jini ya zubo da yawa, ko ruwa mai wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa, a koma asibiti a wannan rana, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Mata sukan tambaya ko wurin da mahaifa ta bari zai zauna rami. Hanji ne ke gangarowa ya cike shi. Wadda aka bar wa gidajen ƙwai jikinta zai ci gaba da aikinsa na mace kamar da, haila ce kawai ba za ta gani ba, ƙwan da ke nuna kowane wata kuwa jiki ne ke shanye shi. Wadda aka cire mata su tun ba ta kai shekaru ba za ta shiga yanayin yankewar haila farat ɗaya, sai ta nemi shawarar likita a kan maganin da zai maye mata gurbin sinadaran. Game da zaman aure, bincike ya nuna yawancin mata ba sa ganin raguwa, da yawa ma sauƙi suke samu tun da ciwo da jini sun kau.

Mahaifar da aka cire kuma ba a zubar da ita nan take. Ana aika ta ɗakin gwaji a yanka a duba da madubin ƙara girma, don a tabbatar ƙari ne kawai ba wani abu a ɓoye. Sakamakon yakan ɗauki 'yan makonni. A wasu asibitoci 'yan'uwa ne ake ba robar su kai da kansu su biya kuɗin gwajin, wasu kuwa sukan ga tun da majinyaciya ta tashi ba sauran bukata, su wuce da ita gida su binne. A kai ta inda aka ce, a karɓo takardar, a nuna wa likita ranar komawa, sa'an nan a adana ta tare da katin asibiti.